Cinikin Biri a Sama: Me Ka Saya Ranar da Ka Sayi Gida?

Da wuya a sami wanda bai taɓa halartar irin wannan zama ba a cikinmu. Bayan sallar La'asar ne, a zauren mai unguwa ko a falon wani dattijo da kowa ke ganin girmansa. Mai saye yana gefe, mai sayarwa yana gefe, dillalai biyu ko uku sun kasa sun tsare, kowannensu yana lissafin la'adarsa a zuci. Sai a ɗauko takarda guda, a rubuta cewa wane ya sayar wa wane gidansa da ke unguwa kaza, gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da hanya, a kan kuɗi naira miliyan arba'in. Shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a tura kuɗi ta waya, a shafa fatiha, a miƙa makullai. Mai saye ya koma gida yana amsa barka, ya kwanta da zaton ciniki ya ƙare.

A idon dokar ƙasar nan, a ranar ne cinikin ya soma. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya biya kuɗin gida gaba ɗaya kafin ya binciki asalin haƙƙin mai sayarwa, sannan ya ajiye takardun a ƙarƙashin katifa bai kai su rajista ba, cinikin biri a sama ya yi. Wataƙila birin ya sauko, wataƙila kuma ya tsallaka wata bishiyar. Abin takaicin shi ne masu wannan ciniki sun haɗa da likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikatan banki, mutanen da ba za su sayi mota ba sai bakanike ya buɗe ta ya duba, amma su zuba gumin shekara ashirin a kan takarda ɗaya da kalmar dillali.

Abin da ake sayarwa

Mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: idan mutum ya ce zai sayar maka da gidansa, me ya mallaka da zai miƙa maka?

Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamnan jihar ne a matsayin amana, domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Sashe na farko na dokar ke nan. Abin da ɗan ƙasa ke riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani da fili. A cikin birni gwamna ne ke ba da wannan haƙƙi, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana iya ba da irinsa na gargajiya. Takardar shaidar mallaka, wadda muke kira satifiket, shaida ce ta wannan haƙƙi, kuma a gidajen zama galibi wa'adin shekara 99 ake rubutawa a kanta. Ginin naka ne, amma ƙasar da yake tsaye a kai riƙo kake yi bisa sharuɗɗa, ciki har da biyan kuɗin ƙasa na shekara da yin amfani da wurin ta hanyar da aka ba ka shi. A Abuja kuwa ministan birnin ne ke tsayawa a matsayin gwamna.

Wannan tsari ya girgiza mutanen Kudu lokacin da ya zo, amma mu a Arewa ba baƙo ba ne. Tun 1910 Turawa suka shelanta cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, kuma Dokar Filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan wannan turba. Dokar 1978 ta ɗauki mafi yawan tsarinta daga can ne, ta shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya. Wato fiye da shekara ɗari ke nan muna da hanyoyi biyu na riƙe fili suna tafiya kafaɗa da kafaɗa: awon gwamnati da fayilolinsa a ma'aikata, da awon igiya da shaidunsa a unguwa. Yawancin rigingimun gidaje a garuruwanmu a mahaɗar waɗannan hanyoyi biyu suke tsirowa.

Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito, wadda dokar boko da fiƙihu suka haɗu a kanta: mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba. Mai saye yana shiga takalmin mai sayarwa ne. In haƙƙin mai sayarwa lafiyayye ne, ka sami lafiyayye. In akwai bashi a kansa, ko shari'a, ko rabon wani, da su duka ka saya, ko da kuwa fenti sabo ne kuma tayil ɗin ɗan Sifen ne.

Sahalewar gwamna

Sashe na 22 na dokar ya hana mai riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ya sayar da shi, ko ya jinginar, ko ya miƙa shi ga wani, sai da sahalewar gwamna. Sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar ɓatacce ne. Mutane da yawa suna jin wannan kamar zancen takarda kawai, har sai sun ji labarin shari'ar bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989.

Mutumin yana da gida a Legas tun kafin dokar ta zo. Bayan zuwanta sai ya jinginar da gidan ga banki domin bashi, ba a nemi sahalewar gwamna ba. Da bashi ya ƙi biyuwa, banki ya tashi sayar da gida, sai mai gida ya garzaya kotu ya ce ai jinginar ba ta inganta ba tun farko, tunda gwamna bai sahale ba. Bankin ya kafa hujja da cewa mutumin bai karɓi filin daga hannun gwamna ba, tun da can nasa ne. Kotun Ƙoli ta ce wanda ya riƙe gida a birni tun kafin 1978, sashe na 34 ya ɗauke shi tamkar gwamna ne ya ba shi, saboda haka shi ma sai ya nemi sahalewa. Jingina ta rushe. In banki mai tarin lauyoyi zai faɗa wannan rami, ina ga ma'aikacin da ya tara kuɗinsa da adashe da rancen ofis?

Wannan hukunci yana da muhimmanci na musamman ga masu sayen tsofaffin gidaje a cikin ganuwar Kano ko Zariya ko Katsina, inda ake cewa gidan kaka da kakanni ne, babu ruwan gwamnati. Rashin satifiket bai fitar da gidan birni daga ƙarƙashin dokar ba.

Daga baya kotu ta sassauta ta wani ɓangare. A shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, a 1995, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ba laifi a ƙulla yarjejeniya, a rubuta takardar miƙa mallaka, sannan a kai wa gwamna, domin ai sai da takarda a hannu zai san abin da zai sahale. Amma kafin ya sahale, cinikin yana rataye ne, bai kammala ba. A nan ne akasarin masu gidaje a garuruwanmu suke zaune: sun biya, sun tare, sun haifi 'ya'ya a ciki, ciniki yana rataye shekara goma sha biyar, kuma sunan da ke cikin fayil na wani ne daban.

Akwai abin lura guda. A doka, mai sayarwa ne ya kamata ya nemi sahalewar, domin shi ne mai riƙe da haƙƙin. A aikace mai saye ne ke bin sawunta da aljihunsa, amma ba zai iya ba sai da sa hannun mai sayarwa. Ranar da ka biya shi kuɗinsa cif, ba ka da sauran abin da za ka ja shi da shi zuwa ma'aikata. Yana iya ƙaura, yana iya yin nadamar farashi, yana iya rasuwa ya bar ka da magada goma sha biyu waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba.

Satifiket ma ana tambayar asalinsa

Wasu kuma sun wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Da zarar an nuna musu satifiket mai tambarin gwamnati, sai hankalinsu ya kwanta. To, Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ogunleye da Oni, a 1990, cewa satifiket ba ya ƙirƙirar haƙƙi ga wanda ba shi da tushe. In an ba mutum satifiket a kan filin da wani ke da ingantaccen haƙƙi a kai tun da farko, kuma ba a soke wancan haƙƙi bisa ƙa'ida ba, takardar ba za ta tsaya a gaban kotu ba. Wannan fa na gaske ke nan. Na jabu kuwa, wanda ake bugawa a shagon kwamfuta, ba a ma maganarsa.

Maganin wannan shi ne binciken fayil. Kano tana da KANGIS, Kaduna tana da KADGIS, Abuja tana da AGIS, sauran jihohi kuma suna da ma'aikatun ƙasa da safiyo. Lauya yana nema a hukumance a buɗe masa fayil ɗin gidan, ya ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da shi ga banki, ko akwai takardar gargaɗi daga kotu, ko ana bin sa bashin kuɗin ƙasa, ko ma an soke haƙƙin. Safiyo kuma ya je da taswira ya tabbatar cewa gidan da aka nuna maka shi ne wanda ke cikin takarda, domin an sha nuna wa mutum fuloti na bakin titi a sayar masa da na bakin kwari.

Sai kuma tambayar da fayil ba ya amsawa kullum: shin wurin ma na gini ne? Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙi saboda buƙatar jama'a, kuma diyyar da ake biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ga wanda hukuma ta sani a matsayin mai haƙƙi. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko a filin da aka ware wa makaranta, yana iya tashi babu ko sisi. Rusau da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, ko me mutum ke gani game da siyasarsa, ya koya wa masu saye darasi guda: filin da asalinsa na jama'a ne, ko da takardar gwamnati a hannunka, yana iya zama abin jayayya idan mulki ya sauya hannu.

Haka nan gidan da ake shari'a a kansa. Wanda ya saye shi ana tsakiyar shari'a, hukuncin da kotu ta yanke zai hau kansa, ko da bai taɓa taka harabar kotun ba.

Gidan gado

A garuruwanmu babu tarkon da ya kai gidan gado kama mutane. Yana da araha, domin magada suna gaggawar rabuwa da shi. Yana kuma zuwa da babban wa mai kwarjini wanda zai ce shi ne wakilin gida, duk abin da ya yanke ya zauna.

A shari'ar Musulunci, da zarar mutum ya rasu, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, abin da ya rage na magada ne gaba ɗayansu, kowa da kasonsa. Matar mamaci tana da nata, mahaifiyarsa in tana raye tana da nata, 'ya'ya mata da aka aurar a wani gari suna da nasu, jaririn da ke goye yana da nasa. Girman shekaru bai ba babban wa ikon sayar da kason kowa ba. In ya sayar ba da izininsu ba, cinikin kason nasu yana tsaye ne a kan yardarsu: in sun amince ya wuce, in sun ƙi ya warware. Kason maraya kuwa ba ya sayuwa da fatar baki, sai ta hannun waliyyinsa, bisa maslahar yaron, kuma abin da ya fi aminci shi ne a yi shi da sanin alƙali. Yaron da yake aji uku a firamare ranar da ka sayi gidan, nan da shekara ashirin lauya ne, ko kuwa yana da abokin da yake lauya.

Akwai kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan mutane sun yi tarayya a gidan da ba a raba ba, sai ɗayansu ya sayar wa bare kasonsa, abokin tarayya yana da ikon ya biya kuɗin da baren ya biya ya karɓe kason. Wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, bai haɗa da maƙwabci ba, saɓanin yadda mutane da yawa suke zato. Wanda yake nan kuma ya san da cinikin, haƙƙinsa yana faɗuwa idan ya yi shiru har kimanin shekara, amma wanda ba ya gari yana nan a kan haƙƙinsa har ya dawo. Ka tuna da wannan idan aka ce maka ai saura mutum ɗaya ne kawai, yana Saudiyya ko yana Kurmi, kuma ba shi da matsala.

Saboda haka mai sayen gidan gado ya nemi abu biyu. Na farko takardar rabon gado daga kotu, wadda ta lissafa magada ta kuma nuna wa gidan ya faɗa wa, ko ta ba da umarnin a sayar a raba kuɗin. Na biyu sa hannun kowane magaji baligi, mace da namiji, da kansa ko ta hannun wakilin da ya naɗa a rubuce. In matan gidan ba sa fitowa zaure, a shiga da muharraminsu da shaidu a ji daga bakinsu. Wahalar yini ɗaya ce.

Darajar takardun da muke riƙe da su

Kada a fahimce ni da cewa takardar mai unguwa banza ce. Tana tabbatar da cewa an yi ciniki, an biya kuɗi, a gaban mutane. Kotunan Nijeriya sun daɗe da yarda cewa wanda ya biya kuɗi kuma ya shiga gida yana da haƙƙi na adalci da za a kare masa. Fiƙihun Malikiyya ma ya san hauzi: wanda ya riƙe gida shekara goma yana tasarrufi da shi a gaban idon wanda ba danginsa ba, shi kuwa bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Mai unguwa kuma ya san abin da babu shi a kowane fayil: wa ya gina, wa ya mutu, wa ya yi fushi ya bar gari.

Sai dai wannan kariya tana da iyaka. Mai unguwa ba shi da ikon ba da haƙƙin ƙasa a dokar 1978, hatiminsa shaida ne kawai. Haƙƙin wanda bai yi rajista ba yana iya faɗuwa a gaban wanda ya saya daga baya da zuciya ɗaya, bai san da cinikin farko ba, ya kuma kammala takardunsa. Idan takardu biyu suka yi karo a kan gida ɗaya, ranar rajista tana da nauyi wajen tantance wanda ke gaba. Kuma idan rigimar mallaka ta tashi a kan gidan birni, sashe na 39 ya kai ta Babbar Kotun jiha ne, inda takarda ke magana da ƙarfi fiye da yadda muka saba. Ban da haka, babu bankin da zai karɓi takardar zaure a matsayin jingina. Gidan miliyan arba'in yana tsaye, amma ba zai iya samo maka rancen miliyan biyar ba.

Masu saye a Abuja da manyan unguwanni suna da tasu dabarar: takardar wakilci. Maimakon a bi dogon layin sahalewa, sai mai sayarwa ya rubuta cewa ya wakilta mai saye ya yi duk abin da ya ga dama da gidan. Ta fi sauri, ta fi araha. Amma Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara, a 1993, cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka da kanta, izini ne kawai na yin aiki da sunan wani. Mai riƙe da ita wakili ne a gidan da ya biya kuɗinsa. Tana da amfani a matsayin gada kafin a kammala, amma ba a gina ɗaki a kan gada.

Hujjar masu ƙin zuwa ma'aikata

Wanda ya taɓa bin fayil zai ce: malam, kana magana kamar ba ka san ƙasar ba. Kuɗin sahalewa, kuɗin rajista, harajin kan sarki, bashin kuɗin ƙasa na shekarun da mai sayarwa bai biya ba, ladan lauya, ladan safiyo, ga watanni ana cewa a dawo gobe. Kakanninmu sun sayi gidaje da shaidu biyu da goro, kuma jikokinsu suna ciki har yau.

Akwai gaskiya a wannan magana, kuma ba zan ɓoye ta ba. Tsarin da ya sa sayar da ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki ko Rigasa ya jira sa hannun gwamna ko kwamishinan da ya wakilta, tsari ne da ya ɗora wa talaka nauyin da bai kamata ba. Gwamnatoci sun mai da sahalewa hanyar tara kuɗin shiga, sai jama'a suka guje ta, rajistar ta zama ba ta nuna ainihin masu gidaje. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ga wannan matsala. A 2009 ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudirin rage wuraren da ake buƙatar sahalewar gwamna. Ƙudirin bai zama doka ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kulle dokar, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki kansa.

Amma jihohi ba sa buƙatar gyaran tsarin mulki kafin su rage kuɗin sahalewa, su ƙayyade kwanakin da za ta fito, su wallafa farashi a fili yadda babu mai neman na goro, su kuma shigar da unguwannin awon igiya cikin rajista gida-gida a farashi mai sauƙi. Wannan shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyin lauyoyi da safiyo da 'yan kasuwa su riƙa tambayar duk mai neman kujerar gwamna.

Kafin a kai can, hujjar kakanni ba ta ɗauke mu ba. A zamaninsu gari ƙarami ne, mai saye ya san mai sayarwa har kakansa, kuma gida ba ya kai kuɗin da zai sa ɗan'uwa ya manta zumunci. Yau dillali yana nuna gida ɗaya ga mutum biyar a WhatsApp, mai saye yana Fatakwal ko Landan, shaidun kuma tsofaffi ne da ba za su rayu har ranar shari'a ba. Tsadar rajista abin ƙorafi ce, amma a auna ta da kuɗin gidan gaba ɗaya, da shekarun da shari'ar fili ke ci daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ƙoli.

Yadda ya kamata kuɗi su bi takarda

Gyaran da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne: a sauya jerin abubuwa kawai. A yanzu muna biya, sannan mu tambaya. Kamata ya yi mu tambaya, sannan mu biya kashi-kashi, kowane kashi yana bin wata takarda.

Ka ɗauki lauyanka na kanka kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Lauyan da dillali ya kawo, ko wanda mai sayarwa ya ce a yi amfani da shi don a rage kashe kuɗi, ba naka ba ne, kuma dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa. A rubuta yarjejeniyar farko da ta ce kafin alƙalamin zai dawo in bincike ya nuna matsala. A binciki fayil, a binciki kotu, safiyo ya auna, kai kuma ka taka da ƙafarka ka gaisa da maƙwabta da mai unguwa, ka tambayi masu haya wa suke biya da kuma yaushe kuɗinsu zai ƙare. Ka tabbata wanda ke gabanka shi ne mai sunan da ke cikin takarda. In gidan ya bi hannu uku tun bayan satifiket, a ga takardar kowane hannu.

Ranar biya, kuɗi su bi ta banki zuwa asusun mai sunan. Wannan ma doka ce: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi da suka haura naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. A zama ɗaya mai sayarwa ya sa hannu a takardar miƙa mallaka da takardar neman sahalewar gwamna, ya miƙa ainihin takardun gidan, ba kwafi ba. In ya ce na ainihin sun ɓata, ka tsaya, domin sau da yawa suna cikin ma'ajiyar wani banki ne. In za ka iya, a amince a riƙe wani kaso na kuɗin har sai ma'aikata ta karɓi takardun. Sannan ka bi sahalewa da kan sarki da rajista har sunanka ya shiga fayil. A ranar ne za ka amsa barka.

Mai sayarwa ma yana da riba a wannan tsari. Muddin sunansa yana cikin fayil, shi hukuma ta sani da bashin kuɗin ƙasa, kuma shi za a kira idan rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka yi ta sayen gidan bayansa.

Kunya

Na bar babban dalili zuwa ƙarshe, domin ba ya cikin kowace doka. Abin da ke hana yawancinmu bincike kunya ce. Mai sayarwa Alhaji ne, abokin mahaifinka ne, sahu ɗaya kuke sallah. Yaya za ka dube shi ka ce sai lauyanka ya duba fayil? Sai ka ji kamar ka kira shi maƙaryaci.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu da bincike ba don Alhajin da ke gabanka ake yin su ba. Shi mai gaskiya ne, kuma wataƙila shi kansa bai san cewa wanda ya sayar masa ya tsallake wata ƙanwa a rabon gado ba. Ana yin su ne domin ranar da babu kai babu shi, ranar da 'ya'yanka da nasa za su tsaya a gaban alƙalin da bai san ɗayanku ba, ba abin da zai duba sai abin da kuka bari a rubuce.

Wanda ya riga ya saya, ya ɗauko takardunsa a wannan makon ya duba sunan wa ke kan satifiket. In ba nasa ba ne, ya nemi wanda ya sayar masa tun yana raye, tun ana gaisawa, su je su ƙarasa abin da suka soma a zaure.